Kujerar Gaba a Motar Baba

Gwaggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan takardar nan za ta iske ki lafiya, ke da mutanen gida gaba ɗaya, manya da yara. Allah ya ƙara miki lafiya da tsawon rai, ya ɗauke miki ciwon gwiwar nan da muka ji yana hana ki zaman tabarma. Mama ta ce a daina barin ki kina wanki a tsugune, amma na san ko an faɗa ba ji za ki yi ba.

Mu ma nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Gidan ya koma kamar shagon tela saboda bikin Yaya da ke matsowa, duk inda ka sa ƙafa sai ka taka zare ko ƙyalle. Ita kuwa amaryar ta daina cin abinci wai kada riga ta matse ta, Mama tana bin ta da kwano tana faɗa. Auta ta zubar da haƙoranta na gaba, yanzu in tana magana har da fito, kuma hakan bai rage mata surutu ko kaɗan ba. An yi mana hutu. Na ci jarrabawa, lissafi ne kawai na tsallake da ƙyar. Baba yana nan, yana cin abincinsa, yana dariya da baƙi. A kansa na rubuto.

Kafin in shiga maganar, ke mai karanta wa Gwaggo, na san ke ce, taubashiya, don ba wanda take miƙa wa takarda sai ke. Ki kori yara, ki tura ƙofa, kuma don Allah yau ɗaya kada ki maƙale murya kina kwaikwayona. Kada ki tsallake layi don kin ga ya yi nauyi. In kin gama ki zolaye ni har mu tsufa, na yarda. Gwaggo, da a waya zan faɗa miki, to wayar ta Mama ce, tana tsaye a kaina har in gama, ni kuma kin san ni, daga lafiya lau sai to, shi ke nan bakina ya mutu. Shi ya sa na ba maƙwabcinmu mai zuwa sarin kaya wajenku takardar nan, na ce masa gaisuwa ce kawai.

Idon Baba ya soma tafiya, irin tafiyar naki da na Kaka mahaifinku. Ban san ko kin sani ba. Kin dai san shi ke jan motar makarantar firamare, mai kwaso yara da safe ta mayar da su gida. Da na shiga babbar sakandare, da yake makarantarmu tana bayan tasu, sai ya ce in riƙa bin sa, in zauna a kujerar gaba kusa da ƙofa in taya shi sauke ƙanana. Na ji daɗi, don na samu inda zan buɗe littafina ba mai ce mini tashi ki yi wanke-wanke. Wata safiya na ɗaga kai daga karatu sai na ga wani tsoho yana turo baro daga lungu ta ɓangarena, yana shigowa titi, Baba kuwa idonsa a buɗe, hannunsa a kan sitiyari, bai rage gudu ba. Ban iya ihu ba, ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba a rayuwata. Abin da ya fito daga bakina shi ne, Baba, dubi tsohon nan da baronsa, ko ba ya gajiya? Ya taka birki har yara suka zube a kan juna suna dariya. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya ga tsohon, ya ce lallai kam, tsufa da wahala. Muka wuce. Amma na ga yadda gumi ya jiƙa masa wuyan riga da sanyin safiya.

Tun daga ranar littafina yana buɗe a cinyata, amma ba karatu nake ba. Hira nake yi wa Baba. In ce kai, akuyar can ta kusa haihuwa. In ce mai babur ɗin nan da ke binmu ta gefe hularsa ta yi masa yawa. In ce matar can mai koren mayafi kamar tsallakawa za ta yi, ga ta da tsohon ciki. Shi kuma ya amsa kamar hirar ce, ya ce Allah ya raba lafiya, ƙafarsa na kan birki. In mun sauke yaro ni nake rufe ƙofa, in leƙa, in ce Baba, Allah ya kai mu, sannan ya ja. Ba mu taɓa zama mun shirya wannan ba, kuma kalmar ido ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Yaran motar suka sa mini suna Rediyo, suna cewa a ƙaro murya, a canza tasha, labarin akuyar nan mun ji shi jiya. Da Auta, da ita ma motar take bi, ta kawo sunan gida Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan da sai ka gaji da tambaya kafin ta ce uhm, ita ce rediyo? Ta ce ashe wa ubanki kike ajiye bakin. Daɗi ta ji, Gwaggo, wai mun shaƙu.

A gida Baba ya iya abinsa. Yana dawowa kafin rana ta faɗi, ya ce gajiya. Ya daina zuwa hira wurin abokansa bayan magariba, wai sun cika musu. In zai shiga ɗaki mai duhu sai ya tsaya bakin ƙofa yana gyara takalmi har idonsa ya ɗan washe. Abokan suna tsokanarsa wai ya zama mijin-ta-ce, Mama ta ɗaure shi da ƙafar gado. Yana dariya ya bar su a haka, gara masa wannan sunan.

Yanzu ga abin da ya sa rubutuna ya karkace. Kin tuna zuwanki na ƙarshe, da na yi tuntuɓe da buta na faɗa jikinki, kika shafa fuskata? Kowa ya yi dariya, ke ba ki yi ba. Tun lokacin abin ke ƙaruwa. Ƙaurina duk tabon bokiti ne da bakin gado, kafaɗata kuma ta saba da ƙofa. In Mama ta miƙo mini abu ta gefe sai ta gaji da riƙo ta dangwara mini a hannu, ta ce jikinki ne nan, hankalinki yana gidan wani attajiri a cikin littafi. Ta ce soyayyar takarda ta cinye mini ido, har ta taɓa ɓoye mini littattafaina a saman sif. Ni ma na yarda da ita, don gaskiya ne ina tafiya ina mafarki. A makaranta an ce ina da girman kai, ana ɗaga mini hannu ina wucewa. Ƙawata ta yi fushi da ni kan haka, ta ce ta tsaya a gefena a layi tana ta murmushi kamar mahaukaciya ban ko kalle ta ba. Akwai kuma ɗan mai shagon da nake karɓar hayar littafi (taubashiya, rufe bakinki), wanda maganarmu ba ta taɓa wuce ko an dawo da kashi na biyu ba, amma yana ajiye mini sababbi a ƙarƙashin kanta. Ƙanwarsa ta ce mini ya gaishe ni a hanya har da tsayawa, na wuce shi kamar na wuce bango. Yanzu ya daina ajiyewar. Yana miƙo littafi yana kallon wani wuri. Ban san yadda ake ce wa mutum wallahi ban gan ka ba, alhali yana tsaye daf da kafaɗata da rana tsaka.

Ana gab da hutu muka tsaya sauke wata 'yar aji ɗaya a gaban shagon mai faci, yarinya ƙarama mai goye da jakar da ta kusa fin ta girma. Na sauke ta, na rufe ƙofa, na leƙa ta taga kamar kullum. Na ga titi, na ga shagon, na ga uwarta tana tahowa daga nesa. Na ce Baba, Allah ya kai mu. Ya sa giya, mota ta motsa. Sai muka ji an doki jikin motar da ƙarfe, mai faci yana ihu yana cewa tsaya, tsaya, direba! Ashe gorar ruwanta ce ta faɗi ta gangara ƙarƙashin mota, ta durƙusa ta miƙa hannu za ta ɗauko, daidai ƙasan tagata. Mai facin ne ya fizgo ta da jakar. Taya ta bi ta kan gorar, na ji ƙarar fashewarta, kuma har yau in wani ya taka robar ruwa a tsakar gida sai in zabura. Yarinyar ba abin da ya same ta sai ƙujewa a gwiwa, kukan gorarta ma take yi. Uwar ta iso ta wanke Baba tas, ba sunan da ba ta kira shi ba, yana tsaye yana ba ta haƙuri, mutumin da ya isa ya haife ta. Mai faci ya ce, direba, madubin nan na ado ne, ko na gyaran gashin baki? Mutane suka yi dariya, aka watse. Ba wanda ya kalle ni. Amma a ɓangarena take, Gwaggo, kuma jakarta ja ce, mai lafiya ko ta wutsiyar ido sai ya hango ta. Na duba. Wallahi na duba. Inda take ba duhu na gani ba, kawai babu wurin ne.

Washegari na ce wa malamar kimiyyarmu kaina na ciwo in ina kallon allo, ko tabarau nake bukata. Ita ta kai ni asibitin ido, ta jira ni a benci a waje. Na karanta haruffan bango har ƙananan can ƙasa, na fara jin daɗi. Sai likitar, wata mace mai sanyin murya, ta sa na ɗora haɓa a bakin wata na'ura mai kama da babban kwano, ta rufe mini ido ɗaya, ta ba ni abin dannawa, ta ce in kalli tsakiya, duk sa'ad da ɗigon haske ya ƙyafta ko ta ina in danna. Na zauna ina jira. Na daɗe ina jira, har na ce mata ko na'urar ba ta fara ba. Ta ce ta fara tun ɗazu. Bayan ta ɗiga mini magani ta haska cikin idon, ta tambaye ni yaya ganina yake da magariba, kuma ko akwai mai dundumi a danginmu. Na ce Kaka ya makance kafin ya rasu, Gwaggona ma, amma ke an ce hayaƙin girki ne. Ta ce ba hayaƙi ba ne, ba karatu ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne, abu ne da ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya, wani ya ɗauka wani ya tsallake. Yana cin gani daga gefe-gefe, a hankali, tsakiya ce ke daɗewa, kuma tabarau ba ya gyara shi. Ta ce zan iya yin shekaru masu yawa ina karatuna, kuma akwai abubuwan da za a koya mini. Sannan ta ce tsakanina da Kaka akwai mutum ɗaya, ina mahaifina, me yake yi? Na ce direba ne. Ta ce direban me? Na ce na yara. Ta ajiye biro. Ta ce, 'yata, ki kawo mini shi, kuma kada ki bari a daɗe.

Ranar da aka yi hutu, bayan mun sauke yaron ƙarshe, Auta ta ruga cikin gida, Baba ya kai motar ƙarƙashin bishiya ya kashe, ni kuma na ƙi sauka. Na kafe ido a kan littafin da ke cinyata na faɗa masa duka, muryata kamar ta sauro. A cikin littattafaina in 'ya ta faɗi irin wannan, uban rungume ta yake yi ko ya faɗi sumamme. Baba bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana juya makulli a hannu. Sai ya tambaye ni ta wane gefe ya fi, na ce ƙasa da dama. Ya ce shi ta hagu ya fara masa. Karon farko ke nan da ya faɗa da bakinsa. Na ɗauka daga nan zai ce mu je wurin likitar, sai ya gyara zama ya fara koya mini. Ya ce kada in riƙa juya ido kawai, in riƙa juya kai a hankali kamar mai neman wani a taro, ba wanda zai gane. In zan shiga wuri in bar wani ya riga ni, in bi bayansa. In riƙa gaida mutane tun kafin in tantance su, gara a ce na cika gaisuwa. In an miƙo abu ban gani ba in ce hankalina ne ya tafi, tunda an riga an san ni da haka, wai ni na ma fi shi sa'a. Ya ce Kaka ne ya koya muku, ke da shi, kuma ke kin yi shekaru kina ɗinki ba wanda ya gane, har kika yi aure kika haihu. Yana faɗa yana murmushi, kamar hawan keke yake koya mini. Sai can ƙarshe muryarsa ta karye, ya ce shi bai tara wani abin da za a raba mana ba, sai wannan ne ya samu ya ba ni. Ya ce in yafe masa. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Da na ce likita tana son ganin sa, ya ce sai bayan biki, bikin kuwa sai tsakiyar zango mai zuwa. Ya ce dangin angon Yaya sun riga sun yi tambaya a kanki, aka ce musu hayaƙi, suka yarda. In aka ji ya ajiye mota saboda ido ana gab da biki, kafin la'asar labari ya kai musu, kuma ba Yaya kaɗai ba, ni da Auta ma ba mai ƙara tambayar hanyar gidanmu. Ya ce kuma in ya ajiye makulli me zai zama, mai zaman tabarma ana miƙo masa abinci? Ya ce hanyar nan ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya ce kada in gaya wa Mama. Na ce to. Kullum to nake cewa.

Da a nan ya tsaya, wataƙila da ban rubuto ba. Shekaranjiya muna karin kumallo ya ce wa Auta ta girma, in an koma makaranta ita za ta zauna a kujerar gaba, Rediyo ta tsufa za a sa sabuwa. Auta ta tashi tana rawa da kofi a hannu. Mama ta ce ai gara, wannan ko batir ba ta bukata. Jiya ya ɗauke ta zuwa gidan mai, ta dawo tana ba ni labarin sabon wasan da Baba ya koya mata, wai duk abin da ta gani a gefen titi ta faɗa da sauri, in ta riga shi ya saya mata alewa, kuma wai kullum ita ke cinye shi. Shekararta bakwai, Gwaggo. Malam-buɗe-littafi in ya gifta ta manta da duniya. Kuma wa ya san halin da nata idon yake ciki? Ga shi an ce zango mai zuwa za a ƙara wa 'yan manyan aji darasin yamma, motar ba za ta gama sauke yara ba sai rana ta yi ja. Na san abin da nake gani a irin wannan lokacin, kuma nasa ya fi nawa nisa.

Abinci ba ya shigar mini, har Mama ta ce ko ni ma amarya ce ba a gaya mata ba. In ina kallon Yaya tana gwada kaya tana juyi a gaban madubi sai in ji kamar ashana na riƙe a ɗakin da fetur ya zube. Wani lokaci haushinku nake ji, ke da Baba da Kaka da ke kwance, ki yafe mini, ina cewa da an faɗa tun farko da ban daɗe ina zaton ni sakarya ce ba. Wani lokaci kuma tausayinku ya kama ni. Karatu kuwa yanzu kamar ana korata nake yi, ina gama wannan ina ɗaukar wancan. Na karanta labarai da yawa da yarinya ke makancewa, kuma a babin ƙarshe wani likita kyakkyawa yakan dawo daga ƙasar waje ya buɗe mata ido ya aure ta. Da kuka nake yi a wurin don daɗi. Yanzu in na ga an nufi can sai in rufe. Ina da tambayoyin da ba wanda zan yi wa sai ke. Maigidanki ya sani kafin ya aure ki, ko daga baya? Da ya sani me ya ce? Har yanzu kina ganin fuskoki a mafarki? Ranar da kika bar keken ɗinki, ke kika ajiye ko karɓewa aka yi? Ba sai kin amsa yanzu ba.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ki kira Baba kafin a koma makaranta, ki ce ya ajiye motar nan ya je wurin likita. Ke kika goye shi bayan rasuwar mahaifiyarku, kuma ban taɓa jin ya ce miki a'a ba. In kika kira a waya miƙewa tsaye yake yi ya amsa, ke da ko kina kusa ba ganin sa za ki yi ba. Ni in na faɗa, 'ya ce ke gaya wa uba ya gaza. Ke in kin faɗa, wadda ta riga shi bin hanyar ce. Ba sai an ce wa mutane ido ba in biki ake tsoro, a ce baya, a ce gajiya, ku manya kun fi ni sanin abin da ake cewa. Mai garejin da ke gyara motar ya sha ce masa ya zo ya riƙa kula masa da wurin, ba zaman tabarma zai yi ba. Na san duk da haka maganar na iya fita ta taɓa auren Yaya, na san wataƙila Mama ba za ta yafe mini ba. Na auna, na sake aunawa, ina tuna yaran da ke zuba cikin motar kowace safiya suna faɗa kan wurin taga, kullum amsa ɗaya nake samu.

In takardar nan ta makara, ko kika ga ba za ki iya ba, to ranar da aka koma zan riga motar fita, in je ofishin shugabar makarantar firamaren in faɗa mata da bakina. Ina ta maimaita kalmomin in ba kowa a ɗaki, har yanzu kafin in kai ƙarshensu murya take ɗaukewa, amma zan je. Abin da nake gudu shi ne Baba ya ji daga bakin baƙuwa, a ofis, a tsaye, a karɓi makulli a hannunsa a gaban masinja. Ki riga ni, Gwaggo. Da na yi niyyar roƙonki kada ki ce ni na faɗa miki. Na fasa. Ki ce ni ce. Zai gane ko ba ki faɗa ba, kuma ba na son in ƙara wani ɓoyon a kan wanda muke da shi.

Ki gaishe mini da maigida, da Yaya Babba da matarsa da jaririnsu da ban gani ba tukuna, da 'yan biyu sarakan ɓarna. Mama da Yaya da Auta ba su san na rubuto ba, amma da sun sani da sun cika takardar da gaisuwa, don haka suna gaishe ki. Taubashiya, na gode, tashi ki sha ruwa, na san maƙogwaronki ya bushe. Abin da kika karanta ya tsaya a ɗakin nan. Kuma ke ma, in kina yawan tuntuɓe, kada ki bari a ce miki rawar kai ce, ki je a duba.

In za ki kira, Gwaggo, ki kira wayarsa da hantsi. Lokacin yana waje shi kaɗai yana wanke motar, don ko da hutu kullum sai ya wanke ta. Kada ki kira yana cikin gida. Ba na son Mama ta ga fuskarsa kafin ya samu ya gyara ta.

Allah ya bar mana ke. Wassalam.

Ni ce 'yarki,
'yar ƙaninki ta tsakiya.